Lubabatu da Yaran Aro

Damina biyu ke nan ƙanwata Lubabatu ba ta shiga gidanmu na Tungar Haliru ba, alhali can aka haife ta, can kuma Innarmu take zaune da ido ɗaya da ke ɗan gani. Aiki bai riƙe ta ba, mijinta ma bai hana ta ba. Kawunmu Umaru ne, yayan Inna, wanda shi ne mai garin, ya ce kada ta ƙara taka masa gari. Mutanen tunga kuwa, waɗanda ta sha kai wa mata asibiti a motarta in sun tsallako Yelwa, ta nemo wa 'ya'yansu makaranta, ba a samu ko ɗaya da ya buɗe baki ya ce a'a ba. To ni Balaraba zan buɗe nawa. Na gaji da jin ana kiranta wadda ta ba baƙi maganin yaranmu.

Mu uku muka rayu a ɗakin Inna: ni, sai Shu'aibu, sai Lubabatu auta. Babanmu masunci ne, ya rasu tana firamare. Tun tana ƙarama ba ta da fara'a, kuma ba ta karɓar "haka aka ce". In manya na hira a gindin gawo suka ce bana kifi ya yi ƙaranci, sai ka ji 'yar murya daga baya tana tambayar in an gwada da wace shekara. Ta sha ranƙwashi a kan wannan, bai hana ta ba. Ni na gama sakandare a Yelwa, na yi aure, na kama sana'ar bandar kifi. Ita ta wuce. Ta karanta lissafi a jami'a, daga nan ta karkata ga fannin lafiya, ta yi ta hawa har aka fara ce mata dakta. Ranar da labarin ya iso tunga an yi guɗa. Da aka gane daktar ba ta yin allura, ba ta rubuta magani, sai guɗar ta koma taɓe baki. Har yau akwai masu ce mata daktar takarda.

Aikinta koyarwa ne a jami'a. Ɗalibanta ba yara ba ne. Likitoci ne da nas-nas da masu haɗa magani da masu gwajin jini, waɗanda suka koma neman digiri na biyu, wasu ma sun girme ta. Abin da take koya musu ana kiransa ƙididdigar lafiya, kuma nata kashin shi ne mai zurfin, wanda kowa ke tsoro. Na taɓa zama a bayan ajinta lokacin da na je can ganin likitan ƙafa. Allon cike yake da haruffa da alamomin da ban taɓa gani ba ko a littafin lissafinmu na aji biyar, amma maganar bakinta na gane ta sarai. Wani likita mai tumbi ya tashi ya ce ya ba majinyata ashirin wani magani, sha biyar sun warke, don haka maganin na aiki. Ta tambaye shi nawa ne za su warke ko da bai ba su komai ba. Ya ce bai lissafa wannan ba. Ta tambaye shi yadda ya zaɓi ashirin ɗin. Ya ce su ne suka dawo ya gani. Ta ce wanda ya mutu a gida ai ba ya dawowa ya ba da rahoto. Ajin ya yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Ranar ta yi musu misali da sana'ata, ba ta ma kalli inda nake ba. Ta ce mai sayar da banda manyan tarwaɗa take jerawa a saman kwando, mai saye in yana da hankali sai ya cusa hannu har ƙasa, ya ɗebo daga nan da can. Ta ce duk lissafin da ke kan allon nan, komai wuyarsa, in daga saman kwando aka ɗebo mutanen, to shirme ne mai ado. Ɗaliban suna ce mata Malama A-Sake, domin kusan duk aikin da aka kai mata da wannan kalmar yake dawowa. Ta san sunan. Ta ce ya fi a ce mata Malama Wuce-Kawai.

Mijinta Rabi'u malamin sakandare ne, mutum mai sanyi. 'Ya'yansu uku. Motarta tsohuwa ce, ƙofar baya sai an ɗaga ta sannan ta rufu. Duk hutun makaranta a tunga take yinsa, ta ɗaura zani ta zauna tana fasa kifin karfasa da Inna kamar ba ta taɓa barin garin ba. Wannan ita ce matar da aka kora.

Duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya san tsargiya. Yaro ya yi fitsari, ƙarshensa ya fito ja. Mun saba da ita har wasu tsofaffi ke cewa alamar namiji ya fara girma ce. Lubabatu ta daɗe tana faɗa cewa tsutsa ce da ke shiga jiki daga ruwa, tana cin mafitsara a hankali, kuma 'yan mata ma na da ita, ɓoyewa kawai suke yi. Sai ga wata ƙungiya ta zo da maganin rabawa, amma bai isa duk gaɓar ruwan ba, daga ɓangaren Shanga har Wara. Suka ce za su fara da inda ciwon ya fi yawa, saura su jira zagaye na gaba. Suka nemi jami'a ta auna musu. Lubabatu ta karɓi aikin, ta ce ɗalibanta su fito daga aji su ga yadda ake samo lambobin da suke wasa da su a kwamfuta. Ni ta ɗauka in riƙa dafa musu abinci, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ba a iya gwada kowane yaro, sai a zaɓi gidaje kaɗan a kowane gari, kuma ba mutum ke zaɓa ba, ƙuri'a ce. A sauran garuruwa kwamfuta ke fidda gidajen, a wayi gari kawai a je a yi sallama. A Tungar Haliru sai ta ce a'a. Nan gida ne, in aka ga an shiga gidan wane an tsallake na wane, za a ce son kai ta yi. Don haka ta sa aka ba kowane gida lamba, aka zuba 'yan takardu a ƙwarya, aka jawo su a ƙofar Kawu bayan la'asar, gaban kowa. Gidan Inna bai fito ba. Na Kawu ma bai fito ba. Aka ce da safe za a zo da kwalabe a karɓi fitsarin yaran gidajen da suka fito, duk wanda aka ga ciwon a jikinsa a ba shi magani nan take. A wajen ne wani ɗalibi, Andrew, mutumin Zuru, mai yawan surutu da son a ce ya iya Hausa, ya gaya wa Kawu cewa garin da ya fi yawan masu ciwo shi zai fara samun rabon gaba ɗaya. Bai yi da wata manufa ba. Kawu ya gyaɗa kai ya ce madalla.

Da safe Lubabatu ta shiga jirgi da rabin ɗaliban zuwa gungu, wato tsibiran da ke tsakiyar ruwa, ta bar Andrew da wata nas mai suna Jamila su yi tunga. Ni ina murhu. Sai na ga mata na wucewa ta bayan danga, kowace da yaro biyu ko uku a hannu, wasu ma ba 'yan garin ba, daga tungayen maƙwabta aka sauke su. Gidan Mairo, matar ɗan baffanmu, yara huɗu ne a cikinsa, na san su da sunansu. Da hantsi ya yi, tsakar gidan kamar makarantar allo. Kuma ba kowane yaro aka kawo ba. Uwa ta san wanda ke mata jan fitsari, shi ta kamo, ta bar mai lafiya a gida.

Ɗaliban baƙi ne, ba su san fuskar kowa ba. Jamila ta tambayi mai gidan ko duk nasa ne, ya ce duk nasa ne. A wajenmu kuma bai yi ƙarya ba, ɗan ɗan'uwanka naka ne, ɗan maƙwabci ma in ya ci tuwo a gidanka naka ne. Haka aka yi a kowane gidan da ya fito. Na aika a gaya wa Andrew, ya aiko cewa mai gida ne ke faɗin mutanen gidansa, haka aka koya musu. Kafin azahar kwalabe sun cika tire, kusan duka ja, ɗaliban har murna suke wai sun samo gari mafi tsanani.

Jirgin Lubabatu ya dawo da la'asar. Ta bi ta gidan Mairo don ta duba aiki, sai ta tarar da Maimuna, 'yar Shu'aibu yayanta, tsaye a layi da kwalba, alhali gidansu na can ƙarshen gari kuma bai fito ba. Ta dubi layin ɗaya bayan ɗaya. Rabin yaran ita ta halarci sunansu. Ta bari aka gama. Ta sa aka gwada kowa, aka ba duk mai ciwon magani daga abin da suka zo da shi, ba ta mai da yaro ko ɗaya ba. A riƙe wannan, domin masu zaginta ba sa faɗinsa. Sannan ta tara ɗalibanta a gindin mangwaro ta ce musu aikin yau na tunga ba zai shiga lissafi ba, sai an sake.

Labari ya kai wa Kawu kafin magariba. Ya zo da kansa, da mutane a bayansa.

"Luba, mi nike ji? An ce kin zubar da aikin."

"Ban zubar ba, Kawu. An ba yara magani. Lissafin ne ba zan kai ba, don an haɗa yaran da ba na gidajen ba."

"Ɗiyan da anka kawo, ciwon ƙarya sunka yi?"

"Ciwonsu gaskiya ne."

"Ɗiyan wa ne?"

"Namu ne."

"To mi ya rage?"

Ta yi masa bayani, kuma ta yi shi da ladabi da farko. Ta ce ba tambayar ko akwai masu ciwo ake yi ba, kowa ya san akwai. Ana so a san cikin kowane yara goma nawa ne ke da shi, don a gwada gari da gari. In aka tsince masu ciwo aka tara su wuri ɗaya, sai garin ya fito kamar tara cikin goma, alhali wataƙila huɗu ne. Mutanen gungu kuwa ba su tara kowa ba, kuma abin da ta gani can yau ya fi na nan muni. In ta kai wannan lambar, maganinsu ta ɗauke ta kawo nan. Ta roƙe shi a sake ƙuri'a, ko kuma iyaye mata su faɗi wane yaro ne na wane gida.

Kawu ya ce mutanen gungu suna da nasu 'ya'yan da suka yi boko, su je su tsaya musu. Ya ce shi ya san lokacin da ita kanta take jan fitsari Inna na ɓoye zanenta. A gaban ɗalibanta ya faɗi haka, maza da mata. Nan ne ta ɗaga murya, ta ce masa shugaban da ke koya wa mata yaudara da yara marasa lafiya bai san nauyin rawaninsa ba. Bai kamata ta faɗa ba, na yarda. Amma da ni aka yi wa abin da ya yi mata, da na faɗi wadda ta fi wannan.

Ya hana a sake. Matan da ta bi ɗaki ɗaki tana roƙo, kowace ta ce maigida ya hana magana. Ta tattara ɗalibanta suka ƙarasa sauran garuruwa. Ɗaliban ma sun matsa mata, Andrew ya ce ai ba wanda zai gane, kuma yaran na da ciwon da gaske. Ta ce masa in ya yi sau ɗaya don tausayi, nan gaba zai yi don wanda ya fi shi ƙarfi ya ce ya yi, kuma daga ranar lambarsa ba ta da amfani ga kowa. A rahotonta ta rubuta cewa ba a samu sahihin adadi daga Tungar Haliru ba, ba ta ambaci dalili da sunan kowa ba, ta rufa musu asiri. Aka kimanta tunga da sauran garuruwan gaɓa. Tsibirai suka fito a sama, da nisa. Magani ya tafi can. Da Kawu ya ji, sai ya ce kada ta ƙara taka masa gari.

Zagaye na biyu bai zo ba har yau. Ba zan ɓoye wannan ba, shi ne abin da ke ci mata rai fiye da zagin. Ƙungiyar ta ce abin hannunta ya ƙare. Yaran da aka ba magani ranar sun koma ruwa, don ba su da wani wurin wanka ko ɗiban ruwa, ciwon ya dawo. Amma ku gaya mini, wa ya kawo maganin da bai isa ba? Wa ya yi shekaru yana alkawarin rijiyar burtsatse duk lokacin zaɓe? Waɗannan in sun zo tunga tabarma ake shimfiɗa musu, a soya musu giwan ruwa, Kawu ya raka su har bakin jirgi. Ba wanda ya taɓa ɗaga musu murya. Wadda ake iya hukuntawa ita ce 'yar gida, mace, wadda uwarta ke hannunsu.

An yi ƙoƙarin sulhu bayan babbar sallar da ta wuce. Shu'aibu da limamin tunga suka shiga tsakani, Kawu ya ce ta zo. Muka shiga jirgi tare daga Yelwa, ta sayo wa Inna atamfa da man ƙafa. A zauren Kawu ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa gaban dattawa, mace mai furfura a goshi, ta ce ta yi kuskure da ta ɗaga wa kawunta murya, ya yafe mata don Allah. Ta ce kuskurenta ne kuma da ta jawo ƙuri'a a bainar jama'a ta bar dare ya shiga tsakani. Kawu ya ce ya yafe wannan. Saura ɗaya. Ta faɗa a gaban mutanen nan cewa lissafin farko daidai ne, tunga ta fi gungu ciwo, ita ce ta karkatar, sannan ta koma ta gaya wa masu maganin haka.

Liman ya sunkuyar da kai. Shu'aibu ya matso yana raɗa mata ta faɗa kawai, magana ce, ba wanda zai bi ta ya ga ko ta je. Gidan Inna na nan bayan katangar, ina jin tarinta.

"Kawu," in ji Lubabatu, "ka sa ni kowane aiki zan yi. Zan bi ofis ofis in nemo wa tunga magani, ina ma kan yi. Wannan ɗaya ce ba zan iya faɗa ba, don ba haka ba ne."

"To jirgi na jiranku," in ji shi.

Ni ce na tashi na faɗa masa abin da ke bakina, har liman na cewa Balaraba ki ji tsoron Allah. Na ce tsoron Allah ne ya sa nake magana. Lubabatu kuwa ta tashi tsaye. Ta miƙa wa Shu'aibu ledar Inna, ta sa takalminta, ta nufi bakin ruwa. A jirgi ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe bakin jirgin da hannu biyu har muka iso.

Tun daga nan dabara ɗaya ta rage mana. Ina zuwa in ɗauko Inna da sunan asibitin ido, in kawo ta gidana a Yelwa, Lubabatu ta taso daga jami'a ranar Juma'a su kwana biyu tare. Inna ba ta goyi bayan kowa ba. Ta ce ita ba ta san lissafi ba, ta san dai jikokinta na fitsarin jini, ta kuma san 'yarta ba ta ƙarya tun tana goye. Suna zama, Lubabatu na matsa mata ƙafa. Ran Lahadi ta koma, Litinin ta shiga aji. Jamila ta gaya mini yanzu duk shekara sai ta ba sababbin ɗalibai labarin wani gari da aka yi aron yara, ta sa su lissafa yadda lambar ta kumbura. Ba ta taɓa faɗin sunan garin ba.

Watan jiya na je ɗauko Inna, muka kai bakin ruwa, ta ɗaga ƙafa za ta shiga jirgi, gwiwar ta ƙi. Maza biyu suka yi niyyar ɗaga ta, ta ce su bari, ita ba buhun albasa ba ce. Ta zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale ta huta, sannan ta ce in mai da ita ɗaki, ta gama shiga ruwa. Ta ce in gaya wa Luba in tana son ganinta ta san inda take.

Na gaya mata a waya. Ta tambaye ni ko Kawu ya sauko daga sharaɗinsa. Na ce bai sauko ba. Ta ce to.

Na san akwai 'yan tunga masu waya da za su ga wannan rubutu, ciki har da 'ya'yan Kawu. Ku karanta masa duka, kada ku tsallake inda ba daɗi. Ku gaya masa ƙanwarsa ta kusa tamanin, ido ɗaya ya tafi, gwiwa ta tafi, kuma tsakaninta da autarta babu komai sai maganar da ya furta a zaure. Lubabatu ba za ta faɗi abin da yake so ba, na san ta tun ranar da aka yanke mata cibiya. Shi ne zai janye. In ya bari har aka kira ta ta zo ta ga Inna a kwance cikin likkafani, to kada ya aiko a gaya mini ya yafe.